FASHIN BAƘI: Mece ce 'swap', kalmar Turancin da ta bi mutanen Dutsin-Ma da Kurfi har gida?

Kalmar 'swap' ba ta cikin manyan kalmomin Turanci da ɗalibi ke haddacewa don ya burge malami. Haruffanta huɗu, gaɓarta ɗaya, kuma a Ingila inda aka haife ta kalma ce ta hira, har yara na amfani da ita a filin wasa. A Najeriya kuwa ta zama kalmar hukuma. Da sunanta aka karɓi tsofaffin takardun kuɗi daga hannun mutanen karkara a 2023. Da sunanta aka yi shekaru ana fitar da ɗanyen mai ana shigo da fetur. Da sunanta aka ƙulla yarjejeniyar kuɗi da China, kuma da ita jaridun Turanci ke bayyana sakin waɗanda ke tsare a hannun hukuma a madadin mutanen da aka sace. Mazauna Dutsin-Ma da Kurfi, ƙananan hukumomi biyu da ke da kujera ɗaya a Majalisar Wakilai ta Tarayya, sun ji biyu daga cikin waɗannan a jikinsu, ko da mafi yawansu ba su taɓa furta kalmar ba.

Ma'anarta da yadda ake amfani da ita

A taƙaice, 'swap' na nufin musaya: ka ba da abin hannunka ka karɓi na hannun wani. Tana zuwa a matsayin aikatau, tana kuma zuwa a matsayin suna, ba tare da siffarta ta sauya ba. Idan aka ce 'swap a goat for a ram', an ba da akuya ne an karɓi rago. Abin da ya biyo bayan 'for' shi ne wanda aka karɓa. Idan aka ce 'swap with', wanda ya biyo baya shi ne abokin musayar. Mai rubutu ya kula cewa harafin ƙarshe yana ninkuwa a 'swapped' da 'swapping', kuskuren da ya zama ruwan dare a shafukan sada zumunta. Wasalin tsakiya ma yana yaudara: da 'a' ake rubuta shi, amma Turawan Ingila kusan 'o' suke furtawa, shi ya sa wasunsu ke rubuta 'swop'. Bahaushe, da ba ya haɗa baƙaƙe biyu a farkon kalma kuma yake mayar da 'p' zuwa 'f', sai ya ce suwaf.

Turanci na da wasu kalmomi masu maƙwabtaka da ita, kuma bambancinsu na da amfani ga mai karanta sanarwar gwamnati. 'Exchange' ita ce ta takardun hukuma da kotu, ta fi faɗi, tana ɗaukar musayar kuɗi da ta wuta da ta ra'ayi. 'Barter' ta taƙaita ga cinikin kaya da kaya babu kuɗi a tsakani. 'Replace' maye gurbi ne, wanda mutum ɗaya na iya yinsa shi kaɗai. 'Swap' kuwa tana ɗauke da wani zato da sauran ba su cika ɗauka ba: cewa ɓangarori biyu ne, kowa ya yarda, an yi abin nan take, kuma abin da aka bayar ya yi daidai da abin da aka karɓa. Wannan zaton ne ya kamata mai karatu ya riƙe, domin da shi za a auna duk wuraren da hukumomi suka ari kalmar.

Asalinta

A Turancin ƙarni na 13 da na 14, 'swappen' duka take nufi, ko sara da takobi. Masana asalin kalmomi na ganin daga ƙarar bugun aka samo ta, kamar yadda Hausa ke cewa tas ko fau. Ma'anar musaya ta kafu ne wajen ƙarni na 16, kuma bayanin da aka fi yarda da shi shi ne cewa masu ciniki kan bugi tafin hannun juna idan magana ta faɗa. Ke nan sunan tafawar ne ya koma sunan cinikin. 'Yar uwarta 'barter' kuwa ba ta yi dacen asali ba: daga wata tsohuwar kalmar Faransanci ta fito wadda ke ɗauke da ma'anar ciniki da ta zamba a lokaci guda.

Abin da Hausa ke da shi tun kafin ta zo

Hausa ba ta rasa kalma a wannan fage ba. Akwai musaya, wadda wasu ke cewa musanya. Akwai furfure, tsohuwar kalmar cinikin kaya da kaya, wadda matasan birni ba su cika sani ba. Akwai canji, ita ma baƙuwa ce daga Turanci amma ta daɗe har ta yi 'ya'ya: 'yan canji, ɗan canji, canjin kuɗi. Akwai ciko, abin da mai ƙaramin kaya ke ɗorawa don a daidaita. Sai kuma fansa, wadda ita ma musaya ce amma ta dole, inda ɓangare ɗaya ke riƙe da abin da ba nasa ba.

Karin maganar nan ta "ba ni gishiri in ba ka manda" ta fi kowace fassara kama ruhin 'swap'. Manda ma nau'in gishiri ce, don haka abu biyu ne masu kama da juna aka yi musayarsu, ba wanda ya ci da gumin wani. Kuma maganar ba daga sama ta faɗo ba. Ayarin Buzaye ya yi ƙarnoni yana ɗauko gishiri da dabino daga Bilma zuwa kudu, yana komawa da gero da tufafi daga ƙasar Hausa. A ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Zobe, kamar sauran karkarar Katsina, dattawa na tuna lokacin da Bafulatana ke ba da nono ta karɓi hatsi, makiyayi kuma ya zaunar da garke a gona bayan girbi, shanu su ci kara da harawa, manomi ya sami taki. Har yau mata na ba da tsofaffin kaya su karɓi robobi a ƙofar gida. Matashin da ya kai tsohuwar wayarsa kasuwar Farm Centre a Kano ya yi ciko ya karɓi wata, ya ce ya yi suwaf, furfuren kakanninsa ya yi da sabon suna.

Canjin kuɗi na 2023

A ranar 26 ga Oktoba, 2022, Gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da cewa za a sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Ya ce daga cikin naira tiriliyan 3.23 da ke yawo a ƙasar, kimanin tiriliyan 2.73 suna wajen bankuna. Cikin dalilan da aka bayar har da wanda ya shafi Katsina kai tsaye: cewa ƙarancin takardun kuɗi zai hana biyan kuɗin fansa. Sababbin takardun sun fara fita ranar 15 ga Disamba, aka kuma sa 31 ga Janairu, 2023 a matsayin ranar da tsofaffin za su daina aiki.

Ana saura kwana takwas wa'adin ya cika, ranar 23 ga Janairu, bankin ya ƙaddamar da abin da ya kira 'cash swap' domin yankunan karkara da ba su da rassan banki. Tsarin shi ne wakilan bankuna da na kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya su shiga ƙauyuka su karɓi tsohon kuɗi su ba da sabo, amma iyakar naira 10,000 ga mutum ɗaya. Abin da ya haura haka sai a zuba shi a asusu ko a lalitar waya.

A nan ne kalmar ta fara rabuwa da ma'anarta. Manomin da ya sayar da buhunan masara ko ɗan sa a kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma ba naira 10,000 ke ɗakinsa ba. Abin da aka yi masa musayarsa ɗan kaɗan ne. Sauran ajiya ce ta tilas a wani asusu da wataƙila a ranar aka buɗe masa, a yankin da mutane ba su manta cewa a watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar ba, har da Dutsin-Ma da Kurfi. Wanda ya ga an wayi gari waya ba ta shiga na tsawon watanni yana da hujjar ƙin yarda dukiyarsa ta koma lamba a cikin waya.

Ranar 29 ga Janairu Emefiele ya je Daura ya gana da Shugaba Muhammadu Buhari, ya fito ya sanar da ƙarin wa'adi zuwa 10 ga Fabrairu. Ƙarin kwana goma bai buga sababbin takardu ba. Jama'a sun kai tsofaffin kuɗinsu banki, sababbin ba su wadata ba, sai naira ta koma hajar sayarwa. A wurare da dama sai mutum ya bar dubu biyu ko fiye kafin mai POS ya ƙirga masa dubu goma. Kasuwannin hatsi da na dabbobi suka koma farashi biyu, ɗaya na kuɗi a hannu, ɗaya na turawa ta waya, kuma mai buƙata ta gaggawa shi ya kwana ciki. Malamai da dama sun yi ta gargaɗi a kan mumbari, domin fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar nan ya daɗe da tsara babin: ya raba musayar zinariya da azurfa, wadda ake kira sarfu, da musayar jinsi ɗaya ta ƙidaya ko ta awo, ya kuma shardanta hannu da hannu, da daidaito idan jinsin ɗaya ne. Da yawan malaman zamani sun ɗora takardun kuɗi a kan wannan hukunci.

Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai Gwamnatin Tarayya Kotun Ƙoli, daga baya wasu jihohi, ciki har da Katsina, jihar Shugaban Ƙasa, suka shiga ƙarar. Ranar 16 ga Fabrairu Buhari ya yarda tsohuwar naira 200 kaɗai ta ci gaba da aiki zuwa 10 ga Afrilu. A haka aka yi zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu. Sai ranar 3 ga Maris kotun ta yanke cewa duka tsofaffin takardun halastattu ne har 31 ga Disamba, 2023, kuma a watan Nuwamban shekarar ta ɗage wa'adin baki ɗaya. Shi ya sa har yau tsohuwa da sabuwa ke yawo a aljihu ɗaya.

Dattawa ba su ga baƙon abu ba. An yi canjin kuɗi a 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa, an yi na 1973 lokacin da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, sannan a watan Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Buhari ta sauya launin takardun naira, ta rufe iyakoki, ta ba da ƙasa da mako biyu. Abin lura shi ne Bahaushe bai cika kiran su musaya ba. Canjin kuɗi yake cewa, kuma kalmarsa ta fi ta Babban Banki gaskiya, domin canji na iya sauka a kan mutum ko bai shirya ba.

Musayar fursunoni ko fansa?

Wuri na biyu da kalmar ta shafi wannan yanki ya fi nauyi. 'Prisoner swap' a asalinta harka ce ta ƙasashe. Misalin da aka fi sani shi ne na 10 ga Fabrairu, 1962, lokacin da Amurka da Tarayyar Sobiyet suka yi musayar matuƙin jirgin leƙen asiri Francis Gary Powers da ɗan leƙen asiri Rudolf Abel a kan gadar Glienicke da ke tsakanin Berlin da Potsdam. Kowane ɓangare ya kama mutumin ɗayan yana bakin aiki, kowa ya san abin da yake bayarwa.

A Najeriya an fara jin kalmar sosai a batun 'yan matan Chibok. A watan Mayun 2017 Fadar Shugaban Ƙasa ta tabbatar da cewa an sako 82 daga cikinsu a madadin wasu 'yan Boko Haram da ke tsare, da taimakon gwamnatin Switzerland da ƙungiyar agaji ta Red Cross. A Katsina kuwa, cikin watan Satumban 2019 Gwamna Aminu Bello Masari ya zaga ƙananan hukumomin da ke bakin dajin Rugu, irin su Safana da Batsari da Ɗanmusa, maƙwabtan Dutsin-Ma da Kurfi, ya zauna da jagororin 'yan bindiga. Daga cikin abin da ya biyo baya akwai sakin wasu da ke hannun jami'an tsaro, su kuma suka sako mutanen da suka sace. Kafin tsakiyar 2020 Masari da bakinsa ya ce sun ci amanar sulhun. A 2025 aka sake shiga wani zagayen, wannan karon da sunan al'ummomi, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Na Kurfi an yi shi a dajin Wurma cikin watan Agusta. A irin waɗannan zama, sakin mutanen da ke daji da makomar waɗanda ke tsare na cikin batutuwan da ba sa ɓacewa daga tebur.

Masu kare tsarin na cewa ko a yaƙi ana musayar fursunoni, kuma uwar da ɗanta ya dawo gida ba ta damu da sunan da aka raɗa wa abin ba. Maganarsu tana da nauyi, kuma wanda ke zaune a Abuja ba shi da bakin raina ta. Sai dai ta fuskar ma'ana kwatancen ya gurgunce. Yarjejeniyar Geneva ta uku ta 1949 tana magana ne a kan mayaƙan da aka kama a fagen daga. Matar da aka ɗauke daga ɗakinta da tsakar dare, ko ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma biyar da aka sace daga masaukinsu a watan Oktoban 2023, ba su ɗauki makami a kan kowa ba. Wanda ke ɗaya ɓangaren kuwa ana tuhumarsa da laifi, kuma kotu ce ke da hurumin wanke shi ko hukunta shi. Idan aka ɗora su a sikeli ɗaya aka kira abin 'swap', an shigo da zaton daidaito ta bayan gida. Hausa ta riga ta tanadi kalmar da ta dace da biyan wani abu don karɓo wanda aka riƙe bisa zalunci, ko da kuɗi aka biya, ko da babur, ko da mutum: fansa. Ɗan jaridar da ke fassara sanarwa daga Turanci yana da zaɓi tsakanin kalmomin biyu, kuma zaɓin nasa ne ke nuna wa mai sauraro ko an yi ciniki tsakanin tsara ne ko an biya mai garkuwa.

A harkar mai da ta kuɗin ƙasashe

A duniyar hada-hadar kuɗi, 'swap' kwangila ce da ɓangarori biyu ke musayar nauyin biyan kuɗi na wani lokaci. Wadda ta yi suna ita ce ta 1981 tsakanin Bankin Duniya da kamfanin IBM: bankin na son bashi a kuɗin Jamus da na Switzerland, kamfanin kuma na da bashi a waɗannan kuɗaɗe yana son komawa dala, sai kowa ya ɗauki biyan na ɗan uwansa.

Ta Najeriya da China an sa mata hannu a watan Afrilun 2018, a kan yuwan biliyan 15, daidai da naira biliyan 720 a lokacin, na shekara uku. An sabunta ta a 2021 da kuma Disamban 2024, inda yuwan biliyan 15 ɗin nan dai ta koma naira tiriliyan 3.28, lissafin da shi kaɗai ya isa ya nuna inda naira ta kwana. Manufar ita ce ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke sayo kaya a Guangzhou ya sayi yuwan kai tsaye da naira, ba sai ya bi ta dala ba. Ba bashi ba ce kamar na gina layin dogo, ko da yake ana yawan cakuɗa su a muhawarar siyasa.

Ta mai kuwa ta fi tsufa, ta fi kuma ƙaurin suna. Da matatun Kaduna da Warri da Fatakwal suka kasa, kamfanin NNPC ya riƙa bai wa 'yan kasuwa ɗanyen mai daga ganga 445,000 da ake ware wa cikin gida kullum, su kuma su kawo tataccen fetur. Masu bincike, ciki har da hukumar NEITI, sun daɗe suna nuna cewa abin da ke dawowa bai kai darajar abin da ya fita ba. An soke wasu kwangilolin a 2015, aka sake wa tsarin suna da fasali a 2016, sannan a watan Yunin 2023, bayan cire tallafin mai, shugaban kamfanin na lokacin Mele Kyari ya ce za a daina a koma saye da kuɗi.

Wadda ke cikin aljihunka

Akwai kuma 'SIM swap', wadda ta fi kusa da ɗalibin jami'a ko na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. A halastacciyar fuskarta, ita ce dawo da layin da ya ɓace ko ya lalace a kan sabon kati. A ɗaya fuskar, ɗan damfara ne ke tattara bayanan mutum, ya je da sunansa a mayar da layin hannunsa. Daga nan duk lambar sirri da banki ke turowa wajensa take zuwa. Alamar farko ita ce layi ya ɗauke haka kawai alhali na mutanen da ke kusa suna aiki. Wanda ya ga haka ya fara toshe asusunsa na banki ta wata wayar kafin ya nufi ofishin kamfanin layin, kuma kada ya karanta wa kowa lambar BVN ko NIN ko ta katin cirar kuɗi a waya, ko da mai kiran ya ce daga banki yake.